Mawaƙiyar da ba ta ajiye tafireta ba sai tana da shekara 58: riba ko asara?

Nasiru Garba: Salama alaikum 'yan zaure. Daren jiya barci ya ƙaurace wa idona, sai na koma kan wani tsohon faifai da na daɗe ban waiwaya ba, *Portrait of Sheila*, wanda Sheila Jordan ta naɗa wa kamfanin Blue Note a 1962. Ga wanda bai san ta ba, mawaƙiyar jaz ce Ba'amurkiya, an haife ta a Detroit ranar 18 ga Nuwamba 1928, ta mutu a New York ranar 11 ga Agusta 2025 tana da shekara 96. Malamar waƙa ce kuma, ta koyar a City College da ke New York daga 1978 har 2005.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Bayan wancan faifan, ba ta sake fitar da wani da sunanta ba sai 1975. Da rana tana wani kamfanin talla tana buga tafireta, wasu darare ta je ƙaramin kulob ta rera waƙa. Ba ta rabu da ofis ba sai 1987, shi ma sallamar ta aka yi, tana da shekara 58. To ina tambaya, shekarun nan na tafireta asara ce aka yi wa waƙa, ko kuwa su suka tsare mata waƙar?

Sagir: Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Asara ce mana, har sai an tambaya? Muryar mawaƙi ba ta jiran kowa. Daga talatin zuwa hamsin ai nan ne ganiyarta, ita kuma ta ƙarar da su tana buga wasiƙun masu tallan kaya. Kuma kada ka ji haushi, ni muryar tata ma ba ta taɓa kama ni ba. Siririya ce, kamar za ta tsinke. Ka ajiye ta kusa da Sarah Vaughan ko Ella Fitzgerald ka ji bambanci.

Hajiya Bilki: Sagir, yaro man kaza. Ka taɓa zama gaban tafireta? Ni shekara ashirin da wani abu na yi ina bugawa kafin kwamfuta ta zo ta tashe mu. Ka sa takarda uku da kabon biyu a tsakani, ka kuskure harafi ɗaya a layin ƙarshe, oga ya dawo maka da ita ya ce a sake tun daga sama. Ka tashi ƙarfe biyar kafaɗunka kamar an ɗora maka dutse, yatsu duk baƙin kabon. Ni idan na isa gida ko labarai ba na iya saurara. To a ce mace ta tashi daga wannan, ta je ta ɗauko 'yarta, ta ba ta abinci, ta nemo mai zama da ita, sannan ta sake shiri ta fita ta tsaya gaban mutane har tsakar dare, gobe kuma ofis. Ban san waƙarta ba, yau na fara jin sunanta. Amma wadda ta yi haka shekara da shekaru, kada ka ce min ta ƙarar da rayuwarta a banza.

Sagir: Allah ya huci zuciyar Hajiya, ban ce a banza ba. Cewa na yi waƙa ta yi asara.

Dakta Kabiru: Bari in ɗan sa bayani a tsakani, don hukuncin ya zauna a kan wani abu. Sunanta na yanka Sheila Jeanette Dawson. Mahaifiyarta yarinya ce ƙarama lokacin da ta haife ta, sai aka kai ta wajen kakanninta a Summerhill, wani ƙauyen masu haƙar kwal a jihar Pennsylvania. Talauci ne na gaske, ga shaye-shaye ya yi wa gidan katutu. Da ta zama budurwa ta koma Detroit wajen uwarta. A can ne, kamar yadda ta sha ba da labari, ta jefa kwabo a akwatin waƙa na wani shagon abinci kusa da makarantarsu, sai ga busar Charlie Parker, shahararren mai busa saksofon a jaz, "Now's the Time", wadda aka naɗa a ƙarshen 1945. Daga ranar ta san inda ta dosa.

Ta koma New York a 1951, ta yi karatu wajen Lennie Tristano, makaho mai kaɗa piyano wanda ya shahara da koyarwa. A 1952 ta auri Duke Jordan, wanda ya yi wa Parker kiɗan piyano. Suka haifi 'ya mace a 1955, shekarar da Parker ya mutu yana da shekara 34. Mijin ya faɗa cikin ƙwaya, bai zauna ba, aka raba auren a 1962. Wato shekarar da ta naɗa faifan da Malam Nasiru ke magana a kai, ita kaɗai ce da ƙaramar yarinya a birni mai tsadar haya. Wannan shi ne tushen tafiretar.

Sagir: Dakta na ji. Amma Betty Carter fa? Ita ma a Detroit ta tashi, shekara ɗaya ce tsakaninsu, ita ma ta riƙe 'ya'ya ita kaɗai, ga ta baƙar fata, ƙofofin da aka rufe mata sun fi yawa. Da kamfanoni suka juya mata baya ba ta nemi ofis ba, kamfaninta ta kafa, Bet-Car, tana buga faifanta tana sayarwa da kanta. Wannan shi ne zuciya.

Nasiru Garba: Misalin ya yi ƙarfi, ban musa ba. Amma Betty Carter ta riga ta yi suna kafin kasuwar ta faɗi. Ta yi yawo da ƙungiyar Lionel Hampton tun ƙarshen shekarun 1940, ta yi faifai da Ray Charles a 1961. Tana da jarin suna da za ta juya. Sheila faifanta na farko ya fito ne ana gab da shiga fari. Beatles suka sauka Amurka a 1964, matasa suka bi kiɗan rok, gidajen jaz suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kai, shi kansa Duke Jordan, mutumin da ya zauna a piyano a ƙungiyar Charlie Parker, tasi ya koma tuƙawa a New York a shekarun nan. In namiji mai wannan tarihi ya koma tasi, mace mai goyo ta riƙe tafireta ba abin kunya ba ne.

Kuma ga inda nake so mu je. Albashin ofis shi ya ba ta bakin cewa a'a. Mawaƙin da cikinsa ke hannun mai kulob, abin da aka ce ya rera shi zai rera. Ita kuwa tun da haya ba ta dogara da muryarta ba, ba wanda ya isa ya ce ta daidaita salonta don a saya.

Sagir: Malam, wannan daɗin baki ne da ake yi bayan abu ya wuce. Da an ba ta zaɓi a 1963 tsakanin ofis da yawon waƙa a duniya, kana ganin ofis za ta ɗauka?

Nasiru Garba: Ba na gani. Amma abin da mutum zai zaɓa daban, abin da ya amfane shi daban.

Zainab A.: Ku gafarce ni in katse ku, ni sabuwa ce a harkar. Yaya Sagir ya ce muryar siririya ce, Baba Nasiru bai musa ba. To me ya sa ake girmama ta? Me take yi da sauran ba sa yi?

Aminu Mai Jita: Yawwa Zainab, kin kawo mu inda nake jira. Ba girman murya aka san ta da shi ba, kunne ne. An ce Parker da kansa yakan gabatar da ita a matsayin mai kunnen dala miliyan. Abin da ta fi shahara da shi kuwa shi ne rera waƙa daga ita sai mai bes, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Ba piyano, ba ganga.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, tun da kayan kiɗan sun ragu. Akasin haka ne. Piyano kamar bango ne ga mawaƙi, kowane lokaci yana buga sautuka uku huɗu a haɗe, yana nuna maka inda kake, in ka zame ka jingina. Bes kuwa sauti ɗaya tak yake ba ka a lokaci guda, shi ma can ƙasa, wani sa'in da kyar ake rarrabe shi. Sauran duk a kanka za ka riƙe su.

Ina koyar da yara kiɗa a ƙarshen mako, na taɓa gwada wannan da wata ɗalibata mai murya kamar sarewa. Na ajiye jita gaba ɗaya ban da tsirkiya mafi kauri, ina buga mata sauti ɗaya ɗaya. Baitin farko lafiya lau. A na biyu na ga ta fara lumshe ido tana neman abin kamawa, muryar tana sulalewa ƙasa kaɗan kaɗan ba ta sani ba. Da muka kai ƙarshe na buga cikakken sautin da muka fara da shi, sai ta zabura ta rufe baki, don ta ji da kunnenta ta sauka rabin mataki. Yarinyar da ba ta taɓa kuskure ba in ana mata cikakken kiɗa. To Sheila Jordan sa'a guda take yi a haka gaban jama'a, tana lanƙwasa karin, tana fita tana dawowa, ta sauka daidai inda ya kamata.

Dakta Kabiru: Ƙari a kan na Aminu. Tun faifan 1962 ta so a yi shi duka daga ita sai bes, ba a yarda ba, aka haɗa ta da jita da bes da ganga: Barry Galbraith, Steve Swallow da Denzil Best. Waƙa ɗaya, "Dat Dere", aka bar ta ita da Swallow kaɗai. Sai 1977 burin ya cika, ta yi cikakken faifai da Arild Andersen, ɗan ƙasar Norwe. Bayan nan ta daɗe da Harvie Swartz, sannan Cameron Brown. Ku lura, shekara goma sha biyar tana riƙe da ra'ayi ɗaya har ta samu mai bugawa, kuma ba a Amurka ba, wani kamfanin Denmark ne. Na 1975 ma kamfanin Japan ne ya fitar.

Sagir: To kun ga. Ƙasarta ma ba ta neme ta ba.

Aminu Mai Jita: Yaya Sagir, wannan ai tuhuma ce a kan ƙasar, ba a kanta ba.

Murtala: Ni fa akwai abin da kuke ta kewayewa. Baturiya ce. Kiɗan nan na baƙaƙen fata ne, daga wahalarsu ya fito. Kullum haka ake yi, su shuka, wani ya zo ya girbe, a ba shi lambar yabo. Me ya sa za mu zauna muna yabon wannan alhali akwai baƙaƙen mata da yawa da suka mutu ba wanda ya san su?

Dakta Kabiru: Murtala, ƙorafinka yana da tushe a tarihin kiɗan Amurka, ba mai musun haka. Amma a duba wa ake ɗora wa. Detroit ɗin da ta tashi a ciki, a watan Yunin 1943 an yi rikicin launin fata da ya ci rai 34, 25 daga ciki baƙaƙe. A wannan garin yarinya farar fata ta riƙa shiga unguwannin baƙaƙe tana neman kiɗa, ta kafa ƙungiyar mutum uku da samari biyu baƙaƙe, Skeeter Spight da Leroi Mitchell, suna sa wa busar Parker kalmomi suna rerawa. Ta sha faɗin yadda 'yan sanda ke tare su su kai caji ofis don kawai an gan su tare. Da ta auri Duke Jordan a 1952, irin wannan aure laifi ne a jihohi da yawa na ƙasar, sai 1967 kotun ƙoli ta soke dokokin a jihohi 16 da suka rage. Ta reni 'ya mai ruwa biyu ita kaɗai a wancan zamanin. Girbin kuma ina yake? Lambar NEA Jazz Master, wadda ita ce babbar karramawar gwamnatin Amurka ga masu jaz, sai 2012 ta same ta, tana da shekara 83.

Murtala: Na ji, ta sha wuya. Amma ita tana iya fita daga wuyar duk ranar da ta ga dama. Su ba su da wannan ƙofar.

Nasiru Garba: Gaskiya ne, kuma ba na jin ita ma za ta yi maka gardama. Abin da zan ce kawai, ƙofar tana nan, ba ta bi ba. Har ta tsufa ba ta hawa dandali ta sauka ba ta ambaci Parker ba, ba ta taɓa nuna kamar ita ta ƙirƙiro abin ba.

Hajiya Bilki: Ni dai in mutum ya ci a gidanka yana faɗin sunanka duk inda ya je, ba ɓarawo ba ne.

Zainab A.: Baba Nasiru, batun koyarwar fa? Ni abin da ya ɗaure min kai, Dakta ya ce a unguwannin Detroit ta fara koya. To ya ake koyar da irin wannan a aji? Na ɗauka jaz abu ne da ake ƙirƙira nan take, ba a rubuce ba.

Sagir: Ba a koyarwa. Makarantun nan su suka kashe jaz. Kowa ya fito da digiri, kowa yana busa iri ɗaya.

Aminu Mai Jita: Rabin maganarka gaskiya ce. Akwai ajin da ke fitar da aku. Amma abin da aka san ta da shi wajen ɗalibai kishiyar haka ne. Na farko, ka koyi karin waƙar yadda mai ita ya tsara, tsaf, kafin ka ce za ka canza komai. Yawancin masu tasowa gaggawa suke su fara sikat, wato rera sautuka marasa ma'ana kamar kana busa, alhali ba su riƙe asalin waƙar ba. Wanda bai san hanya ba ai ba zai san ya ratse ba. Na biyu, ka saurari masu busa da masu piyano, ba mawaƙa kaɗai ba, kamar yadda ita ta koya daga saksofon ɗin Parker. Na uku, kuma shi ya fi burge ni, bulus. Tsari ne na gaɓa goma sha biyu, layi uku, kowane gaɓa huɗu, yana zagayowa. Ita a kan wannan zagayen take ba da labarin rayuwarta a waƙe, daga ƙauyen kwal har zuwa daren da ake ciki, ta gabatar da makaɗanta a waƙe, ta yi wa wanda ya shigo a makare tsiya a waƙe. Ɗalibi in aka ce ya tashi ya faɗi ko shi wane ne a kan gaɓa goma sha biyu, ba littafin da zai cece shi. Ko dai ya buɗe baki ya faɗi nasa, ko ya yi shiru.

Dakta Kabiru: Kuma ba City College kaɗai ba. Ta daɗe tana koyarwa a shirin bazara na Jazz in July a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, da Vermont Jazz Center tare da ƙawarta mawaƙiya Jay Clayton, har Graz ta ƙasar Ostiriya. Sagir, Betty Carter ɗinka ma ai makaranta ta buɗe a ƙarshe, Jazz Ahead, a 1993.

Sagir: Dakta ka kama ni a nan. Amma ita nata horon a kan dandali ne, yaro ya yi kuskure ta juyo ta harare shi gaban jama'a.

Nasiru Garba: Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa don kada in zama mai son kai a hujjata. Na ce ofis ya tsare mata waƙa. Bai tsare ta daga kwalba ba. Ita da bakinta ta sha faɗin yadda giya ta kama ta shekaru, abin da ya ci gidansu tun tana yarinya, kafin ta samu ta yakice. To ba zan zana muku hoton mace mai natsuwa da ke tafiya ofis da safe tana murmushi ba. Shekarun nan sun ci nasu rabon a jikinta. Wataƙila Sagir ya fi ni gaskiya fiye da yadda na so.

Hajiya Bilki: To ai shi ke nan, Malam. Wanda ke ɗauke da tulu biyu dole ɗaya ya riƙa zuba. Ni tambayata, da aka sallame ta a 58 ɗin, kuka ta yi ko guɗa? Don ni ranar da aka miƙo min tawa takardar sai da na zauna a kan matakala na rasa inda zan nufa.

Dakta Kabiru: Hajiya, ko ma wanne ta yi a ranar, abin da ya biyo baya a bayyane yake. Kusan shekara 38 ta ƙara a duniya, kuma mafi yawan faya-fayanta bayan nan suka fito. Tana hawa jirgi zuwa Turai da Japan har ta haura casa'in. A 2021 ma aka tono wani naɗi da ta yi tun 1960, wanda ya girmi na Blue Note, aka fitar da shi bayan shekara 61, ita kanta ta manta ta yi shi.

Zainab A.: To da wanne zan fara?

Nasiru Garba: Nemi "You Are My Sunshine" da ta yi da George Russell, mai tsara kiɗan jaz, a faifansa *The Outer View*, 1962. Labarinta shi ne Russell ya so ya ga inda ta fito, ta kai shi garin masu haƙar kwal, wani daga cikinsu ya roƙi a yi musu wannan waƙar. Russell ya dawo ya sake mata tsari saboda su. Doguwa ce, ta haura minti goma, kuma za ki daɗe kina jin kayan busa kina cewa ina mawaƙiyar. Kada ki tsallake. Akwai inda komai zai ɗauke ɗif, sai muryarta ita kaɗai, a hankali, waƙar da kowa ya sani ta farin ciki ta koma kamar ta makoki. Russell ɗin ne kuma ya kai ta Blue Note.

Murtala: Ku turo a zauren nan in kun samu, ni ma in ji abin da ake ta kururutawa.

Sagir: Na je na saurara yanzu. Har yanzu ina nan kan bakana, muryar siririya ce. Amma wajen da kiɗan ya tsaya ɗin nan, sau uku na mayar da shi. Aminu, da Swartz da Cameron Brown wa ya fi dacewa da ita? Zan gwada ɗaya da daddare in yara sun yi barci, don da hayaniya ba na jin bes ɗin a wayata.

Aminu Mai Jita: Fara da Swartz. Kuma ka nemi abin sawa a kunne, lasifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa, za ka ɗauka ita kaɗai take yi.